Wanda Ya Ajiye Kwalba, Mu Miƙa Masa Akushi

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, an kai amfanin gona rumbu, yanzu kuwa lokacin cin rani ne. Daga ƙauyukanmu na wajen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, samari da magidanta suna ta hawa mota zuwa Kano. Da yawansu a tashar Unguwa Uku suke sauka, su bazu cikin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, wannan gadi, wancan leburan gini, wani dako, wani turin ruwa. Galibi sukan komo gida da kuɗin taki kafin ruwan fari. Amma kowace ƙungiyar gama kai ta san mutum ɗaya ko biyu da suka komo da hannu wofi, ido ja, jiki a rame, domin giya ta cinye abin da suka samu. A kan waɗannan muke so mu yi magana yau, musamman a kan ranar da ɗayansu ya ce ya gaji, zai bari.

Bari mu ba ku labarin wani ɗan ƙungiya, ba za mu faɗi sunansa ba. Ya shekara shida yana gadin wani gida a Gyaɗi-Gyaɗi. Da dare yana bakin ƙofa, da rana ba ya samun barcin kirki, ba mata kusa, ba abokin hira. Ya fara da kurɓa ɗaya don sanyin hunturu, har ya kai inda ba ya iya riƙe tocila sai ya sha. Da ya komo gida, ya miƙe gaban jama'a ran Lahadi ya yi alkawari ba shi ba giya. Muka yi murna, muka tafa masa, kowa ya tafi gidansa. Dare na uku sai ga matarsa da kuka, wai mai gida yana makyarkyata, zufa ta jiƙa shi sharkaf, yana ganin macizai a bango yana ihu. Waɗansu suka ce sammu aka yi masa, waɗansu suka ce ya haukace. Allah ya taimake shi akwai wanda ya ce a nemi mota a kai shi asibiti. Ya rayu. Amma da aka sallamo shi, ba wanda ya tambayi abin da ake dafawa a gidansa, ba kuma wanda ya zauna da shi da yamma, lokacin da ya saba sha. Kafin a yi girbi ya koma.

Mun ce laifinsa ne. Gaskiya kuwa muna da namu rabo a ciki. Ra'ayinmu shi ne, mutumin da ya daɗe yana sha, in ya tashi bari, abu uku yake bukata bayan alkawarin bakinsa: likita a kwanakin fari, abinci mai gina jiki na watanni, da abokan tafiya na shekaru. Na farkon yana asibiti. Biyun ƙarshe kuwa suna hannunmu, ɗaya a rumbu, ɗaya a dandalin taronmu.

Kwana ukun fari

Giya tana danne ƙwaƙwalwa. In mutum ya yi shekaru yana sha kullum, ƙwaƙwalwar takan ƙara ƙarfin aikinta domin ta ture wannan nauyi. Ranar da aka janye giyar farat ɗaya, sai ta zama kamar jakin da aka sauke wa kaya yana cikin gudu. Cikin sa'a 6 zuwa 24 hannu ya fara rawa, zuciya na bugawa, ga tashin zuciya da rashin barci. Cikin kwana biyun fari waɗansu sukan faɗi suna jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu ne mafi haɗari, lokacin da hankali kan ruɗe, mutum ya riƙa ganin abin da babu, jiki ya yi zafi. Wannan yana kisa in ba a yi magani ba, amma likitoci suna da maganin da ke kwantar da shi.

Saboda haka kada mu ƙara ce wa tsohon mashayi ya bari yau yau a cikin ɗakinsa, mu juya baya. Wanda ke sha kowace rana, wanda hannunsa ke rawa da safe, da wanda ya taɓa jijjiga, a fara kai shi wurin likita kafin ya bari. Masu cin rani a Tarauni kuwa abin yana kusa da su. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a shekara ta 1988, yana nan kan hanyar Zariya dab da Gyaɗi-Gyaɗi, yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin Dawanau. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nuna mutum mahaukaci ne, su ne dai suka ƙware a kan wannan ciwo.

Muhimmin abu shi ne a faɗa wa likita gaskiya. Mun sani wannan da wuya a Kano. Tun shekara ta 2000 jihar take bin shari'ar Musulunci, an hana sayar da giya, har a idonmu, cikin Nuwamba na 2013, Hukumar Hisba ta farfasa kwalabe wajen 240,000 a bainar jama'a. Ba gardamar doka ta kawo mu nan ba. Abin da muke lura da shi kawai shi ne, inda giya ta zama abin ɓoyo, mai shanta ma yakan ɓoye ciwonsa. Yakan ce wa likita zazzaɓi ne, a ba shi maganin zazzaɓi ya tafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya raka shi asibiti ya taimake shi ya faɗi abin da yake sha, da yawansa, da ranar da ya yi kurɓar ƙarshe.

Yunwar da ba a gani

Sau da yawa mukan ji ana cewa burkutu ai abinci ne, da dawa aka yi shi. Gaskiya ne da dawa aka yi shi, gaskiya ne kuma yana cika ciki. To, a nan cutar take. Giya tana ba jiki ɗan zafi da ƙarfi na lokaci kaɗan, sai mutum ya ji ba ya jin yunwa, ya tsallake tuwo. Kuɗin cefane ma ya riga ya tafi. Ga shi kuma giyar tana ƙona hanji da tumbi, har ɗan abin da aka ci ba ya shiga jini sosai. Barasar kwalba da ta leda da ogogoro kuwa ba su da ko ɗigon abin gina jiki.

A cikin abubuwan da mashayi ke rasawa, wanda ya fi ban tsoro shi ne bitamin B1, wanda likitoci ke kira tayamin. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da zuciya ba sa iya aiki sai da shi, jiki kuwa ba ya ajiye fiye da abin da zai kai shi mako biyu zuwa uku. In ya ƙare sai ƙafafu su riƙa zugi ko su mutu, mutum na tafiya yana tangaɗi ko bai sha ba, ido na rawa, hankali na rikicewa. Wani likitan Jamus mai suna Wernicke ya bayyana wannan tun 1881. In aka yi hanzari aka yi masa allurar tayamin, mutum yakan farfaɗo. In aka makara, mantuwa ce ta har abada, ka gaishe shi da safe, da azahar bai san ka zo ba. Duk wanda ya ga waɗannan alamu ga ɗan'uwansa, ya sani maganar asibiti ce a ranar, ba ta jiran kasuwa ta ci ba.

Akwai kuma wani ciwo na rashin bitamin B3. Fatar wuya da ta bayan hannu, inda rana ke duka, sai ta yi baƙi tana saɓa, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Yakan kama wanda abincinsa masara ce tsantsa ba haɗi, balle in yana sha. Sai kuma ƙarancin jini, da ramewar tsoka, da saurin kamuwa da tarin fuka. Tsohon mashayin da tari ya wuce masa mako biyu, a kai shi a gwada majinarsa, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Abin da ke rumbunmu

Abin farin ciki, yawancin abin da jikin nan ke nema mu ne muke noma shi. Ga yadda muke ganin ya kamata a yi.

Na ɗaya, a rage surfe. Bitamin B1 yana cikin dusar hatsi ne da ƙwayar idonsa. In muka surfe gero da dawa fes muka ba akuya dusa, akuya ce ta ci maganin. A niƙa hatsin mai jinya da ɗan ɓawonsa, a yi masa kunu ko tuwo da shi.

Na biyu, wake da gyaɗa da waken suya su shiga kwanonsa kowace rana. Su ne naman talaka, suna mai da tsokar da ta zube, suna kuma da bitamin B1 da B3. Ko kunun gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ko awara, ko wake da shinkafa, ko daddawa a miya. Amma mata su kula da kanwa. Tana sa wake ya nuna da wuri, tana kuma kashe bitamin B1. Gara a jiƙa waken tun dare, a sa kanwa kaɗan ko a bar ta sam.

Na uku, ganye: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuka, da kabewa. Kada a dafa su har su narke, kada kuma a zubar da ruwan da aka dafa su, a mai da shi cikin miya.

Na huɗu, ƙwai ɗaya a rana in akwai hali, da nono ko kindirmo da aka tafasa madararsa, da ɗan kifi ko nama ran kasuwa.

Na biyar, a ba shi kaɗan kaɗan, sau biyar ko shida a rana. Cikin da ya daɗe da yunwa ba a ɗura masa malmala uku a zama ɗaya. Kada ya kwana da yunwa, kada kuma ya fita gona bai karya ba, domin yunwa da ƙishirwa da gajiya su ne ke fara tada sha'awar kwalba. A ajiye masa kunun zaƙi ko fura ko zoɓo a daidai lokacin da ya saba sha, hannunsa ya sami abin ɗauka.

Mu manoma akwai abin da ya shafe mu musamman game da hanta. Hantar mashayi ta riga ta sha wuya. In kitse ne kawai ya taru a cikinta, takan warke cikin makonni bayan an bar sha. In ta riga ta ƙanƙance ta yi tauri, ba ta komawa kamar da, ko da yake barin sha yana tsai da ɓarnar, yana ƙara kwana. To, gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da wata guba mai cin hanta, har ta kan jawo ciwon daji. Mun san halinmu, mai kyau a kai kasuwa, ruɓaɓɓiya a bar wa gida. Kada a ba mai jinya irin wannan, kada ma a ba kowa. A shanya amfanin gona ya bushe sarai, a tsince mai ɗaci da mai baƙi. A kuma gwada jininsa a ga ko yana da ciwon hanta irin na B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu. Tun 2004 ake yi wa jarirai rigakafinsa a Nijeriya, amma manyanmu ba su samu ba. In ido ya yi rawaya, ko ciki ya kumbura, ko ya yi aman jini, ba a tsaya jiƙe-jiƙe ba. Ko farasitamol ma kada ya riƙa sha barkatai sai da izinin likita.

Abokin tafiya

Abinci yana gyara jiki cikin watanni. Kaɗaici kuwa yana nan yana jira. Mutumin da ya bar giya ya bar abokansa duka a rana ɗaya, ya bar wurin hirarsa, ya bar abin da ke sa shi barci. Makonnin fari barci yakan ƙi zuwa, zuciya ta yi baƙi, fushi ya yi kusa. In ba a cike wannan gurbi ba, kwalba ce za ta cike shi, ko kuwa taramol da makamantansa, a gudu daga tara a faɗa goma.

Mutanen waɗansu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A shekara ta 1877 wani fasto mai suna Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiyar Blue Cross a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan, inda waɗanda ba mashaya ba suka yarda su ma su bar giya domin su tsaya tare da masu fama. A 1935 kuma, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka gane cewa in ɗaya ya zauna ya faɗa wa ɗaya gaskiyar halinsa, dukansu biyu sukan kai gobe ba su sha ba. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta tashi, ta bazu ko'ina a duniya. A 2020 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara bincike 27 da aka yi a kan mutane fiye da 10,000, suka ga wannan hanya ta taimakon juna tana riƙe mutane ba sha kamar yadda sauran hanyoyin asibiti ke yi, wani lokaci ma ta fi su.

Mu da muka san gayya da adashi, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da muka rasa shi ne mu yarda cewa wanda ya taɓa faɗawa ramin nan shi ya fi sanin inda matakalarsa take. A kowace ƙungiya akwai dattijon da ya bar sha shekara goma ko ashirin, yana zaune shiru don kunya. Shi ne malamin da muke nema. Maganarsa ɗaya ta fi wa'azinmu goma shiga kunnen mai fama, domin ba zai iya ce masa ba ka san abin da nake ji ba.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce, don me za mu ɗebi hatsin masu ƙwazo mu ba wanda ya shanye nasa? Tambaya ce mai nauyi. Amma mu yi lissafi. Mudu nawa na wake zai ci cikin wata uku? Sa'an nan mu lissafta bashin takin da ba zai biya ba in ya koma, da gonarsa da za ta zama saura, da matarsa da 'ya'yansa da za su zama nauyinmu in ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekara ta 2019 kaɗai. Kowane ɗaya a cikinsu ya bar gida a baya. Ko ta wajen riba aka duba, ciyar da shi ya fi araha.

Wani kuma zai ce, ai mun taimake shi bara ya koma. Haka ne, da yawa sukan koma sau ɗaya ko sau biyu kafin su tsaya da ƙafafunsu. In tsutsa ta cinye shukar fari, manomi ba ya barin gona, yakan sake shuka. Dattawan Ekklesiya suna da hurumin horo, ba mu hana ba. Roƙonmu shi ne, wanda aka sa a bencin baya kada a bar shi can shi kaɗai.

Sai maganar mata masu dafa burkutu, waɗanda da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Zaginsu ba zai kashe wutar tukunya ba. Ƙungiya ta ba su rancen jari su koma matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara da kunun zaƙi. Mu ma mu duba kanmu: in muka kira gayya muka sallami mutane da tulun burkutu, mun haƙa wa ɗan'uwanmu rami a tsakiyar gonarmu.

Akwai kuma iyaka da za mu faɗa a fili. Taimakon mai fama ba ya nufin matarsa ta zauna tana shan duka. In akwai duka, a fara tsare ta da yara. Kada kuma a ba shi kuɗi a hannu a watannin fari, a ba gidan hatsi.

Abin da muke roƙo

A taronku na wannan wata, muna roƙon kowace ƙungiya ta tattauna abu biyar. A ware buhu ɗaya na wake ko gyaɗa ko waken suya a kowace kaka domin gidajen masu jinya irin wannan, Zumuntar Mata ta riƙe mudun rabo. A ware ɗan kuɗin mota da na katin asibiti. A zaɓi mutum biyu, ɗaya a cikinsu wanda ya taɓa sha ya bari, su riƙa zama da mai fama kowace yamma a watan fari, daga baya sau ɗaya a mako, abin da aka faɗa a wurin kuwa ya tsaya a wurin. A daina sallamar gayya da giya. Na ƙarshe, kada ɗan ƙungiya ya tafi cin rani ba a haɗa shi da wani namu da ke can ba. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi su san masu gadi da leburorin da suka fito daga ƙauyukansu, su kira su cin tuwo ko sau ɗaya a mako. In maƙwabci Musulmi ya zo da irin wannan damuwa a ɓoye, a karɓe shi, a rufa masa asiri, ciwon ba ya tambayar addini.

Mutumin nan da muka ba ku labarinsa yana nan da rai. Matarsa ta ce kwanan nan ya sake cewa ya gaji. Wannan karo an riga an yi magana da mai mota, an kuma auna wake tiya biyu an kai gidansa. Ku ma ku duba naku.